Kwaikwayon Tashar Kwamfuta da Yadda Ake Gina Taskarsa



Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kula da manyan kwamfutocin banki, ko na wata ma'aikata, ko na jami'a, watakila ya lura da wani abu mai ɗaure kai. Ga na'ura ta zamani wadda ke iya nuna hoto da majigi cikin launi iri-iri, amma ma'aikacin da ke zaune gabanta ya buɗe wata baƙar taga, babu kome cikinta sai layukan rubutu da wata 'yar alama mai ƙiftawa kamar ido, tana jiran a buga mata umurni. Ta wannan taga ake shiga kwamfutocin da ke nesa, ta nan ake gyara su idan sun tsaya, a nan kuma masu rubuta manhaja ke yin yawancin aikinsu. To, tagar nan kwaikwayo ce ta wata na'ura da aka daina ƙerawa tuntuni. A cikin wannan lacca za a kira na'urar da sunan tasha, domin a nan ne wayar da ta fito daga babbar kwamfuta ke ƙarewa, kamar yadda layin dogo ya ƙare a Nguru ko a Ƙaura Namoda. Manhajar da ke yin kwaikwayonta za a ce mata makwaikwayiya. Taska kuwa ita ce ɗaurin aiki wanda wani ya rubuta sau ɗaya, ya ajiye, domin sauran masu rubuta manhaja su ɗiba su yi amfani da shi, ba sai kowa ya sake faro nasa daga tushe ba. Abin da za a duba shi ne, mene ne ke cikin irin wannan taska, kuma me ya sa gininta ke ba ƙwararru wahala fiye da yadda mai kallo daga waje zai zata.

Asalin maganar ya faro ne daga tangaraho, tun ba a san kwamfuta ba. A shekarun 1870 wani Bafaranshe mai suna Emile Baudot ya tsara yadda za a aika kowane harafi ta waya da alamu biyar, kowace alama ko dai akwai wuta ko babu. A 1901 Donald Murray ya haɗa wannan dabara da tafireta, sai ya ga ashe ba haruffa kaɗai ake bukatar aikawa ba. Tafiretar da ke can ɗaya bakin wayar babu akawu zaune gabanta wanda zai tura karusa ta koma farkon layi, ko ya murɗa takarda ta hau sama. Tilas wayar ta ɗauki waɗannan umurnai su ma. Saboda haka aka ware alama ɗaya ta komawa farkon layi, wata dabam ta sauka layi na gaba. Tsofaffin akawuna sun san cewa ayyuka biyu ne, ko da yake hannu ɗaya ke yin su da turi ɗaya. Har yau ɗin nan suna nan biyu, kuma makwaikwayiyar da ta manta da ɗaya sai a ga rubutunta yana gangarowa a karkace kamar matakalar soro.

A 1963 aka fito da tsarin ASCII a Amurka, wanda ya ba haruffa da alamomi lambobi daga 0 zuwa 127. Lambobi 32 na farko ba a buga su a takarda, umurni ne ga na'ura: 7 ta kaɗa ƙararrawa, 8 ta ja baya da gurbi ɗaya, 10 ta sauka layi, 13 ta koma farkon layi. Akwai kuma lamba 27 wadda ake kira ESC, ita kuwa a riƙe ta a zuci, domin kusan dukan sauran laccar a kanta take. A wannan shekara ce kamfanin Teletype ya fito da tafiretar waya samfurin 33, mai buga haruffa goma a daƙiƙa ɗaya, manyan baƙaƙe zalla. Da yake tana da araha, sai masu kwamfuta suka mai da ita ƙofar magana da na'urorinsu. Da irinta Ken Thompson da Dennis Ritchie suka yi aikin Unix a ɗakunan bincike na Bell tun daga 1969, shi ya sa har gobe Unix da 'ya'yanta ke kiran tasha da gajeren suna tty.

Da aka shiga shekarun 1970 sai gilashi ya maye gurbin takarda, kuma nan ne rigima ta tashi. Takarda gaba kawai take tafiya, abin da aka buga ya bugu. Allon gilashi kuwa ana iya share shi, ana iya komawa sama a gyara layi, ana iya sa wata kalma ta yi haske fiye da 'yan'uwanta. Duk waɗannan suna bukatar sababbin umurnai, alhali ASCII ta riga ta raba gadonta, babu sauran gurbi. Mafitar da aka samu ita ce lamba 27 ta zama kamar sallamar baƙo a bakin zaure: idan ta iso, tasha ta sani cewa haruffan da ke biye da ita ba na rubutawa ba ne, saƙo ne na a-yi-kaza. Sai dai kowane kamfani ya ƙago nasa yaren. Umurnin da zai share allon tashar wannan kamfani, a ta wancan sai ya zubar da tarkacen haruffa. Abin ya kai a 1978 Bill Joy na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya tattara wani kundi mai suna termcap, wanda ke bayyana yaren kowace tasha, domin manhajarsa ta gyaran rubutu, watau vi, ta yi aiki a kan kowacce. Wannan kundi da magajinsa terminfo sun cika da ɗaruruwan sunayen na'urorin da yau sai a gidan tarihi.

Hukumomin daidaita ma'auni sun sa baki. Ƙungiyar ECMA ta Turai ta fitar da ƙa'ida mai lamba 48 a 1976, Amurka ta fitar da tata mai suna X3.64 a 1979. Amma abin da ya kafa ƙa'idar da gindinta kasuwa ce. A 1978 kamfanin DEC ya fito da tasha mai suna VT100, mai layi 24 da gurbi 80 a kowane layi, ta bi sabuwar ƙa'idar, ta kuma samu karɓuwa ƙwarai, har sauran kamfanoni suka shiga ƙera masu kwaikwayonta. Shi kansa adadin 80 ɗin gado ne daga katin huda na IBM na 1928. Kamfanin DEC dai ya shuɗe, Compaq ya saye shi a 1998, amma tagar da ma'aikaci ke buɗewa yau sau da yawa tana buɗewa da layi 24 da gurbi 80, kuma yaren VT100 take ji. A 1984 wani ɗalibi a MIT, Mark Vandevoorde, ya rubuta xterm, makwaikwayiyar da ta zama uwa ga na bayanta, wadda Thomas Dickey ke kula da ita tun 1996.

Yanzu a dubi aikin kansa. Tsakanin makwaikwayiya da manhajar da ke magana da ita babu waya ta gaske. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ce ke shimfiɗa wata wayar ƙarya mai baki biyu. Abin da ke bi ta cikinta lambobi ne, kowace daga 0 zuwa 255, ana kiran kowace ɗaya bayit. Suna kwararowa ɗaya bayan ɗaya, rubutu da umurni a cakuɗe, kamar tsaba da tsakuwa a faifai ɗaya. Alal misali, idan ESC ta iso, sai baka mai kusurwa, sai 2, sai J, ma'anarsa a share allo duka. Idan bayan bakan aka sami 10;20H, ana nufin a kai manuni layi na 10, gurbi na 20. Idan 31m ce, rubutun da zai biyo ya zama ja. 0m kuwa a koma yadda ake. Aikin farko na taska shi ne tsince wannan tsaba, kuma mai tsincewar ba shi da damar ya ce a dakata ya ga ƙarshen magana. Umurni na iya rabuwa biyu, rabi ya iso yanzu, rabi sai bayan daƙiƙa guda saboda jinkirin hanya. Don haka dole ya riƙa tuna halin da yake ciki: ko yana cikin rubutu ne, ko ya ji sallama yana jiran bayani, ko yana tsakiyar tattara lambobi. Wani mai bincike, Paul Williams, ya yi nazarin tashoshin DEC ya zana wannan aiki cikin hali 14, tare da bayanin abin da kowane bayit zai haifar a kowane hali, kuma taskoki da dama a kan zanensa suka ɗora gininsu. Muhimmin abin da zanen ya koyar shi ne babu bayit ɗin da aka bari ba amsa. Manhaja na iya yin kuskure, mutum na iya zuba wa allo fayil ɗin hoto bisa rashin sani, tasha ta gaske kuwa ba ta taɓa cewa ta gaji ta rufe ba. Ta kan watsar da abin da ba ta gane ba, ta ci gaba. Makwaikwayiyar da ta faɗi saboda shirmen da aka aiko mata ta tafi da aikin mutum duka.

Aiki na biyu shi ne riƙe hoton allo a ƙwaƙwalwa. Mai sauraro ya ɗauka allon dara ne mai gurbi 1,920, watau 24 sau 80. Kowane gurbi na riƙe da harafinsa, da launin harafin, da launin bayansa, da ko an ja masa layi a ƙasa ko an kaurara shi. Ban da wannan akwai wurin da manuni yake, da iyakokin sashen da aka yarda ya gungura, da layukan da suka riga suka haye sama waɗanda mutum zai so ya koma ya duba, da wani allo na biyu wanda manhajar gyaran rubutu ke ara ta yi aikinta, in ta gama a mayar da na farko yadda yake. Wannan sashe a ido mai sauƙi ne, amma a nan ne ƙananan halayen tsohuwar na'ura ke ɓoye, kuma misali ɗaya ya isa ya nuna nauyinsu.

A ce manuni na gurbi na 80, watau na ƙarshe a layi, aka aiko harafi. Hankali zai ba mutum cewa a rubuta harafin, manuni ya sauka farkon layi na gaba. VT100 ba haka take yi ba. Ta kan rubuta harafin, ta bar manuni a gurbi na 80, ta ƙudurta a ranta cewa idan wani harafi ya sake zuwa, sa'an nan za ta sauka. Dalilin yana da kyau: da tana sauka nan take, da ba za a iya rubuta kome a kusurwar ƙasa ta dama ba sai allo duka ya gungura sama, layin farko ya ɓace. To amma ga tambayoyin da wannan ƙuduri ya haifar. Idan umurnin ja da baya ne ya zo maimakon harafi, ƙudurin ya warware ko yana nan? Idan aka ajiye wurin manuni aka dawo da shi fa? Idan aka share layin? Ƙa'idar ECMA ba ta warware waɗannan ba, su kansu tashoshin DEC ba su yi daidai da juna a kowace gaɓa ba, makwaikwaya kuma kowace da inda ta dosa. Manhajoji dubbai an rubuta su bisa abin da marubutansu suka gani a allonsu. Saboda haka mai gina taska ba shi da 'yancin ya ce ga abin da ya fi dacewa da hankali. Abin da aka saba shi ne doka, ko da kuskure ne asalinsa. Launi ma haka ya faru da shi: ƙa'idar da ta tsara launuka masu yawa ta ce a raba lambobin da ɗigo biyu, xterm ta fara da ɗigo da waƙafi, jama'a suka bi ta, yau taska mai hankali tana karɓar duka biyun.

Akwai wani wuri inda maganar ta taɓo mai rubutu da Hausa kai tsaye, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ wadda ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y, babu ko ɗaya cikin ASCII. Tsofaffin ma'aikata na tune da lokacin da akawu zai gama buga takarda sa'an nan ya bi ta da alƙalami yana ɗora wa haruffa lanƙwasa. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowannensu lamba, sa'an nan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ake aika harafi ɗaya da bayit ɗaya zuwa huɗu. A wannan hanya ƙaramar ƙ bayit biyu ce, 198 da 153. Babbar Ƙ kuwa 198 da 152. Alamar naira, ₦, bayit uku ce.

Ga inda gizo ke saƙa. Tun daga VT220 ta 1983, tashoshin DEC suna ɗaukar lambobi daga 128 zuwa 159 a matsayin umurni, kuma a ƙa'idar ECMA lamba 152 na nufin farkon wani dogon saƙo wanda ba a nunawa a allo. A zanen Williams, da zarar ta iso sai mai tsincewa ya shiga haɗiye duk abin da ya biyo baya, har sai ya ga alamar rufewa ko wani umurni ya katse shi. To, a ce wani ma'aikaci ya nemi jerin ƙananan hukumomin Jihar Katsina, makwaikwayiyarsa kuwa irin wadda ke neman umurni a cikin bayit tun kafin ta harhaɗa su su zama haruffa. Jeri zai yi ta fitowa lafiya har a iso Ƙanƙara. Bayit 198 zai fito a matsayin wani baƙon harafi, Æ, 152 kuma ya buɗe rijiya, haruffan da ke biye da shi su faɗa ciki. Babu ƙararrawa, babu gargaɗi. Kundin na nan lafiya a cikin kwamfuta, allo ne ya yi ƙarya, kuma wanda ke ƙidaya da ido zai kai rahoton da ba daidai ba. Maganin a wurin mai gini yake: a fara harhaɗa bayit su zama haruffa, bayan haka a nemi umurni. Manyan taskokin yau haka suke yi, amma ana iya gamuwa da cutar a inda aka bar tasha bisa tsohon saiti. Wanda Ingilishi kaɗai yake gwaji da shi ba zai taɓa ganin wannan aibi ba, domin haruffansa duka ƙasa da 128 suke. Ɗalibin da ke son ya san ingancin wata makwaikwayiya, ya rubuta mata sunayen garuruwan ƙasar Hausa da lanƙwasarsu ya ga abin da za ta yi.

Bayan harhaɗawa sai maganar faɗi. Allon dara ya ginu ne bisa zaton harafi ɗaya gurbi ɗaya, duniya kuwa ba haka take rubutu ba. Harafin Sinanci gurbi biyu yake ci. Alamar karin sauti da masu ƙamus ke ɗorawa kan wasali ana iya aiko ta a matsayin harafi mai zaman kansa wanda ba ya cin gurbi ko ɗaya, sai ya hau kan na gabansa. Ra-gare mai 'yar igiya a ka, wadda masana nahawu ke bambanta ta da ra-kaɗe, ta wannan hanya kaɗai ake rubuta ta, domin Unicode ba ta ware mata lamba guda ba. Ke nan gurbi ɗaya tilas ya iya riƙe lamba fiye da ɗaya. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, ita manhajar da ke can ɗaya bakin wayar tana yin nata ƙidayar da nata jadawalin faɗi. Idan jadawalinta na wata shekara ne, na taska kuma na wata, sai su saɓa da gurbi ɗaya, manuni ya tsaya inda ba nan ake zato ba, mutum ya goge harafin da bai yi niyya ba. Ƙananan hotunan nan na fuskoki da ake sawa cikin saƙo sun ƙara tsananta abin, don wasunsu lambobi da yawa ne aka ɗaure wuri ɗaya.

Ajami ya fi duka wuya. Daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma siffar harafi tana sauyawa bisa ga maƙwabtansa. Tambayar da ta daɗe ana ja a kanta ita ce, wa zai juya layin, makwaikwayiya ko manhajar da ta aiko shi? In kowace ta bar wa 'yar'uwarta, rubutu ya fito a birkice. In duka biyun suka juya, ya sake birkicewa. Taskar VTE ta sami iya juya rubutu a 2019, wasu makwaikwaya kamar mlterm sun riga ta, wasu kuwa sun bar abin gaba ɗaya.

Wani sashe da ake yawan raina shi, alhali shi ne mai haɗari, shi ne cewa tasha tana mayar da magana. Manhaja na iya tambayarta ko ita wace ce, ko ina manuni yake, ita kuma ta amsa, amsar kuwa ta hanyar da bugun yatsun mutum ke bi take bi, babu abin da ya bambanta su. A 2003 wani masanin tsaro, H. D. Moore, ya nuna yadda za a ci amanar wannan hali. Akwai umurnin sa wa taga suna, akwai kuma na tambayar sunan. Mugu sai ya ɓoye su biyun a cikin fayil, ya sa sunan ya zama wani umurni na ɓarna. Mai kwamfuta na buɗe fayil ɗin don ya karanta kawai, makwaikwayiya ta karɓi sunan, ta maido shi kamar shi ne ya buga da hannunsa, abin da ya rage kawai ya danna maɓallin shigarwa. Bayan wannan, makwaikwaya da yawa suka toshe amsa wannan tambaya. A 2019 wani binciken tsaro da Mozilla ta ɗauki nauyinsa ya gano wata ɓaraka mai tsanani a iTerm2, inda abin da aka nuna a allo ke iya kai ga zartar da umurni. Idan aka tuna cewa ta wannan taga ake shiga kwamfutocin da ke riƙe da albashi da asusun jama'a, za a ga cewa duk abin da taska ta yarda ta faɗa da bakinta, sai an auna shi kamar maganar shaida a gaban alƙali.

To, me ya sa ake son taska, ba a bar kowa ya yi tasa makwaikwayiyar ba? Domin masu bukata sun yi yawa. Manhajar gyaran rubutu na son taga a cikinta, shafin intanet na so, manhajojin da ke raba allo ɗaya gida-gida kamar screen da tmux kowace na ɗauke da cikakkiyar makwaikwayiya a cikinta. Kowane ɗaya ya rubuta tasa, kowane ya sake faɗawa ramukan da na gabansa suka faɗa, gurbi na 80 da Ƙ da sauransu. Taskokin da ake da su sun bi hanyoyi biyu. VTE, wadda GNOME Terminal da Tilix da Terminator ke amfani da ita, tana yin kome da kome har zanen haruffa a allo, amma a ɗaure take da kayan zane na GTK, wanda bai shiga wannan gida ba ba zai more ta ba. Haka xterm.js, wadda ke cikin Visual Studio Code, gidanta shi ne manhajar buɗe shafukan intanet. Ita kuwa libvterm ta Paul Evans, wadda aka rubuta da harshen C, ba ta zana ko ɗigo. Ana zuba mata bayit, ta riƙe allon dara, ta riƙa sanar da mai ita cewa gurabe kaza sun sauya, manuni ya koma wuri kaza, a kaɗa ƙararrawa. Saboda wannan kamewa tata ne Neovim ta ɗauke ta, Vim ma ta sa ta cikin fitowarta ta 8.1 a 2018. Editan Zed ya ari cikin Alacritty, wadda aka rubuta da harshen Rust. Mitchell Hashimoto, wanda ya fitar da Ghostty a Disamba 2024, tun farko ya raba cikinta da fuskarta, a 2025 kuma ya bayyana shirin fitar da sashen tsincewa da riƙe allo a matsayin taska mai zaman kanta.

Hanya ta biyu ta fi inganci ga mai son aikinsa ya daɗe, ko da yake tana ɗora wa mai ɗiba nauyin zane. Kayan zane na sauyawa duk bayan 'yan shekaru, yaren VT100 kuwa ya haura shekara 45 bai motsa ba, bai kamata a ɗaure mai daɗewa a ƙafar mai wucewa ba. Sa'an nan taskar da ba ta zane tana da sauƙin jarrabawa: a ba ta bayit kaza, a duba ko gurbi kaza na riƙe da harafi kaza, ba sai mutum ya zauna yana kallon allo ba. Akwai tsohuwar manhajar gwaji mai suna vttest wadda Per Lindberg ya fara a shekarun 1980, har yau ana auna makwaikwaya da ita. Akwai kuma dabarar zuba wa taska miliyoyin bayit na shirme da gangan, dare da rana, a ga ko akwai wanda zai kayar da ita. Da irin wannan ake kama umurnin da ya zo da lamba mai tsawon layi guda, ko wanda ya ce a maimaita harafi sau biliyan. DEC ta tsaya kan lambobi 16 a umurni ɗaya, kuma kowace taska sai ta yanke irin wannan iyaka da kanta.

Saura wata matsala wadda tasha ta gaske ba ta taɓa sani ba, domin gilashinta ba ya miƙewa. Taga kuwa ana ja ta a faɗaɗa ko a tsuke. Idan aka tsuke ta daga gurbi 80 zuwa 60, layukan da ke kai za a datse su ne ko a naɗe su? In za a naɗe, tilas taska ta tuna, a kan kowane layi, ko ya ƙare ne don marubuci ya sauka da kansa, ko don wuri ya ƙare masa, domin na biyun kaɗai ake sake ɗinkewa idan taga ta faɗaɗa. Dole kuma manuni ya bi harafin da yake kai zuwa sabon wurinsa, harafi mai gurbi biyu kada a tsaga shi a bakin layi, kuma duk wannan a yi shi kan layuka dubu goma ko fiye da ke ajiye a sama, kafin mai jan taga ya saki hannunsa. A daidai lokacin an riga an sanar da manhajar da ke ɗaya bakin wayar cewa faɗi ya sauya, ita ma ta shiga sake zana nata layin bisa zaton da take yi na inda manuni yake. Babu ƙa'idar ECMA ko littafin DEC da zai raba wannan gardama. xterm ta zaɓi datsewa, VTE ta zaɓi naɗewa, kuma mai gina sabuwar taska sai ya zauna da manhajojin da jama'a ke aiki da su, ɗaya bayan ɗaya, yana ja yana tsukewa, ya ga wace hanya ce ta fi barin allo a karance.